HALIN MUTUM DA KAMUN ƘAFA WAJEN NEMAN AIKI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya raba arziki tsakanin bayinSa, Ya kuma sanya sashensu ya zama sanadin arzikin sashe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan mako muna so mu duba wata matsala wadda ta dami samari da 'yan matan da suka gama karatu, ta kuma dami iyayensu, watau maganar kamun ƙafa wajen neman aiki. Duk inda masu neman aiki suka taru za ka ji suna cewa zamanin takarda ya wuce, yanzu sai wanda ka sani, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Daga nan sai su rabu kashi biyu. Kashi ɗaya su ce tun da haka ne babu sauran zancen kunya, duk ƙofar da suka gani za su ƙwanƙwasa, ko da roƙo, ko da fadanci, ko da toshiyar baki. Ɗaya kashin kuwa su ce su dai ba za su zubar da mutuncinsu ba, sai su miƙa takardunsu, su koma gida su zauna suna jin haushin duk wanda ya samu. To, shin neman wani ya yi maka hanya laifi ne? In ba laifi ba ne, ina iyakarsa? Mene ne kuma rabon wanda Allah Ya halitta mai kunya, wanda bai iya shiga mutane ba?

Ba mu raina wahalar da ake ciki ba. Wanda ya tuna da ranar 15 ga watan Maris na shekarar 2014 ya san haka. A ranar ce Hukumar Shige da Fice ta Nijeriya ta tara masu neman aiki a filayen wasa na garuruwa dabam-dabam don a yi musu jarrabawa. Masu nema sun haura rabin miliyan, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasa rayukansu. Inda mutum ɗari ke kokawa a kan kujera guda, tilas kowa ya waiga ya ga ko akwai mai miƙo masa hannu.

ABIN DA HANYA TAKE ƊAUKE DA SHI

Abu na farko shi ne mu san abin da mai ɗaukar ma'aikaci yake nema. Takardar shaida tana gaya masa abin da yaro ya karanta da makin da ya ci. Amma ba ta gaya masa ko yaron nan zai riƙa zuwa aiki da wuri, ko za a iya bar masa makullin sito a yi barci, ko zai zauna da abokan aiki ba tare da fitina ba. Waɗannan sai wanda ya zauna da shi ne zai sani. Shi ya sa ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko a kasuwar Kurmi, in aka kawo masa yaron shago, kafin ya tambayi iliminsa sai ya tambayi ɗan wane ne, wa kuma ya tsaya masa. Ma'aikatu da bankunan zamani ma ba su bar wannan ba, domin kuwa har yau suna neman sunayen mutanen da za a tuntuɓa game da halin mai nema, wasu ma har da wanda zai sa hannu ya lamunce shi.

Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin ɗaukar ma'aikaci a cikin Suratul Ƙasas. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya baro Masar a guje, ya isa Madyana bai san kowa ba, ba dangi, ba guzuri. Ya tarar da makiyaya suna shayar da dabbobi, ga wasu mata biyu a gefe suna tsare nasu, suna jira sai maza sun gama, domin mahaifinsu tsoho ne. Ya shayar musu, bai nemi lada ba, ya koma inuwa ya kai kukansa ga Ubangijinsa. Sai ɗayarsu ta zo masa tana tafiya cikin kunya, ta ce mahaifinsu na kiransa. Ɗaya daga cikin 'yan matan nan ce ta ba uban shawarar ya ɗauke shi aiki, ta kuma kafa hujja da abu biyu, ƙarfinsa da amanarsa. A kan haka aka ƙulla yarjejeniyar shekara takwas, in ya ga dama ya cika goma.

Dubi yadda hanyar nan ta samu. Alheri ne da ya yi wa raunana, alhali bai san a gidansu aikinsa yake ba. Wadda ta gabatar da shi kuwa abin da idonta ya gani ta faɗa, ba ta ƙara gishiri ba. Haka kuma malaman tarihi suka ruwaito cewa Nana Hadiza, Allah Ya yarda da ita, labarin gaskiya da riƙon amanar Annabi, Sallallahu alaihi wa sallama, ta ji a bakin mutanen Makka, sa'an nan ta aika masa ya tafi da dukiyarta fatauci zuwa Sham. Halinsa ya riga shi isa ƙofar gidanta.

Ashe ke nan hanya ta gaskiya abu biyu take ɗauke da su, watau labari da shaida. Labari shi ne a gaya maka inda ake neman ma'aikaci. Shaida kuwa ita ce a gaya wa mai aikin ko kai wane iri ne.

Game da labari, akwai wani bincike sananne da wani malamin nazarin zaman jama'a a Amurka, Mark Granovetter, ya buga a shekarar 1974. Ya tambayi mutum 282 a wani gari kusa da Boston yadda suka sami ayyukansu. Fiye da rabinsu ta bakin wani wanda suka sani suka samu. Abin mamaki shi ne, yawancin masu ba da labarin ba aminai ba ne na kullum, mutane ne da sai jefi-jefi ake haɗuwa da su, kamar tsohon abokin makaranta ko wanda aka taɓa aiki tare. Dalili kuwa a fili yake. Abokan da kuke zaune a majalisa guda kowace yamma, abin da ka ji shi suka ji. Wanda yake wata unguwa, ko wata sana'a, shi ne yake jin abin da ba ya zuwa kunnenka. A shekarar 2022 wasu masana suka sake gwada wannan magana da mutum miliyan 20 masu amfani da dandalin LinkedIn, suka ga lalle sanayya ta tsaka-tsaki ta fi abota ta ƙut-da-ƙut kai mutum ga sabon aiki.

Mu kuwa addini da al'ada sun riga sun shimfiɗa mana wannan tabarma. Sallama ga wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, sallar jam'i, ɗaurin aure, suna, gaida mara lafiya, rakiyar gawa, duk wurare ne da malamin makaranta ke zama kusa da direba, akawu kusa da maƙeri. Don Allah ake yin waɗannan abubuwa, kuma wanda ya mai da su tarkon neman aiki ya ɓata ladansa. Amma wanda ya yanke su, ya kulle kansa a ɗaki da waya a hannu, ya yi asara biyu, ba lada, ba labari. Zumunta dai a ƙafa take.

Sa'an nan akwai ladabin abin da ake tambaya. Sa'ad da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, an ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsa da Sa'adu ɗan Rabi'u, wanda yana daga cikin mawadatan mutanen Madina. Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya sa masa albarka, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya shiga ya dawo da 'yar ribar cuku da man shanu, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran sahabbai. Mai neman aikin da ya zo wa babba da tambayar inda ake nema, da abin da ya kamata ya koya, da wanda ya kamata ya gani, ya fi sauƙin taimako a kan wanda ya zo ya zube ya ce shi dai a san yadda za a yi da shi.

MAI KUNYA DA MAI NACI

Yanzu mu zo ga hali. A shekarar 2000 wata malama a Jami'ar Minesota, Connie Wanberg, da abokan aikinta suka buga sakamakon bincike a kan ɗaruruwan mutanen da suka rasa aiki a Amurka. Suka ga mutane iri biyu ne suka fi tuntuɓar jama'a wajen nema. Na farko masu sakin jiki da son shiga mutane. Na biyu masu himma da tsari, waɗanda in sun ɗauki abu sai sun kai shi ƙarshe. Suka kuma ga yadda mutum ya ɗauki abin a zuciyarsa, watau ko yana jin nauyin neman taimako ko ba ya ji, shi ma yana da tasiri. Amma da suka lissafa da sauran ƙoƙarin da mutum yake yi na nema, sai suka ga yawan tuntuɓar mutane kawai bai sa an fi saurin samun aiki ba.

A nan akwai bushara ga mai kunya. Sakin jiki da iya hira galibi halitta ce, wani an ba shi, wani ba a ba shi ba. Himma da cika alkawari kuwa abu ne da kowa zai iya nema. Kuma in an zo wajen shaida, babu mai tsaya wa mutum don ya iya ba da dariya. Yaron da yake shiru-shiru, amma in an aike shi ya dawo da canji cif, in ya ce ƙarfe takwas to ƙarfe takwas ɗin ne, shi ne wanda maƙwabci zai tuna da shi ranar da aka ce ana neman amintacce.

Sai dai wajibi ne mai kunya ya binciki kunyarsa. Kunyar da shari'a ta yaba, har aka lissafa ta cikin rassan imani, ita ce mai hana mutum aikin assha. Wadda ke hana shi faɗin bukatarsa ta halal ga wanda zai iya taimakonsa kuwa, sau da yawa rauni ne, wani lokaci ma girman kai ne ya sa rigar kunya. Sau nawa saurayi ya ƙi zuwa wurin abokin karatunsa da ya zama babba a ofis, don kawai a makaranta shi ne yake gaba da shi? Sau nawa mai digiri ya ƙi gaya wa kawunsa mai gareji cewa yana zaune ba aiki? An ruwaito daga Mujahid, almajirin Abdullahi ɗan Abbas, cewa mutum biyu ba sa samun ilimi, mai jin kunyar tambaya da mai girman kai. Abin da ya hana su ilimi shi ne ke hana su sana'a. Ita ma yarinyar nan ta Madyana, Alƙur'ani ya siffanta tafiyarta da kunya, amma kunyar ba ta hana ta isar da saƙo ba.

Wani zai ce ai hali zanen dutse ne, shi haka Allah Ya yi shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya amsa wannan a cikin Ihya'u Ulumiddin. Hujjarsa ita ce, da a ce hali ba ya sauyawa, da wa'azi da nasiha da tarbiyya duk sun zama aikin banza. Ya kawo misali da doki mai gardama da ake horarwa ya yi laushi, da shaho da ake sabarwa da mutane. Abin da ake nufi a wurinsa shi ne a jawo ɗabi'a zuwa tsakiya, ba a tumɓuke ta ba, kuma hanyar haka ita ce mutum ya riƙa tilasta wa kansa aikin har ya zame masa jiki. Saboda haka ba a ce mai kunya ya koma maroƙi ba. Ya fara da mutum guda a mako, malaminsa na dā, ko wanda ya yi bautar ƙasa a ƙarƙashinsa. Ya je ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya iya da abin da yake nema a cikin magana kaɗan, ya yi godiya ya tashi.

A ɗaya gefen kuma akwai mai naci. Shi ba ya gaisuwa sai da bukata. Yau yana ƙofar wannan, gobe yana ofishin wancan, yana yabon mutum a gabansa da abin da babu, yana faɗin abin da bai iya ba. Irin wannan yakan sami ƙofa a buɗe, amma sau ɗaya. Abin da ya manta shi ne, duk wanda ya gabatar da kai mutuncinsa ya ba ka aro. In ka je ka yi lalaci ko ka taɓa kuɗin mutane, shi za a fara kira. Mutunci kuwa madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ta haka ne mutum ɗaya yake toshe hanyar yaran unguwa guda, domin dattijon da aka kunyata sau ɗaya ba ya sake sa baki a maganar kowa.

NAUYIN DA KE KAN MAI SA BAKI

Shari'a tana kiran sa baki don wani ya samu da sunan ceto. Aya ta 85 a Suratun Nisa'i ta raba shi biyu, ta nuna mai ceto kyakkyawa yana da rabo daga ladansa, mai mummunan ceto kuma yana da kaso daga zunubinsa. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, Sallallahu alaihi wa sallama, yakan kwaɗaitar da sahabbai su sa baki ga mai bukata don su sami lada. Saboda haka babban mutumin da ya san yaron kirki, ya kuma san inda ake nema, amma ya kame bakinsa don gudun ɗawainiya, ya bar lada a ƙasa.

Amma su waɗannan malamai biyu sun ruwaito yadda fuskar Annabi ta sauya sa'ad da Usamatu ɗan Zaidu, wanda yake ƙauna ƙwarai, ya zo ceton wata mace 'yar babban gida daga Banu Mahzum wadda ta yi sata. Ya tsawatar masa, ya kuma bayyana cewa abin da ya halaka mutanen dā shi ne ƙyale mai daraja da hukunta mai rauni. Muslim ya ruwaito kuma cewa Abu Zarri ya nemi a ba shi muƙami, Annabi ya dafa kafaɗarsa ya nuna masa cewa shi mai rauni ne, muƙami kuwa amana ce mai zama nadama ranar Alƙiyama ga wanda bai riƙe ta da haƙƙinta ba. Babu mai shakkar tsoron Allah na Abu Zarri, kuma babu wanda ya fi shi hanya, tun da wurin Manzon Allah ya je kai tsaye. Duk da haka kirki bai tsaya a madadin iya aiki ba.

An kuma ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar yana yabon wani mutum. Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ko sun taɓa tafiya tare, ko kuɗi ya taɓa haɗa su. Duk ya ce a'a. Umar ya ce watakila dai a masallaci ya gan shi yana ruku'u da sujada, ya kuma yanke masa cewa bai san mutumin ba. Duk mai rubuta wa wani 'yar takarda zuwa ofis ya kamata ya yi wa kansa tambayoyin nan uku kafin ya sa hannu.

Daga nan iyaka ta fito fili. Sa baki halal ne matuƙar abin da aka faɗa gaskiya ne, wanda aka gabatar zai iya aikin, kuma ba a danne haƙƙin wanda ya fi shi cancanta ba. Mai shago yana iya ɗaukar ɗan ƙanensa, domin dukiyarsa ce, riba da asara nasa ne. Kujerar gwamnati kuwa ta jama'a ce duka. Wanda ya cire sunan yaron da ya ci jarrabawa ya sa na ɗan abokinsa ya ci amanar yaron, ya kuma ci amanar marasa lafiya ko ɗaliban da za a danƙa wa wanda bai iya ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi gargaɗi a rubuce-rubucensa cewa fifita wasu jama'a a kan wasu yana daga cikin abubuwan da suka fi saurin rusa mulki. Sayen gurbin aiki da kuɗi kuwa rashawa ce tsagwaronta, kuma an la'anci mai bayarwa da mai karɓa.

Game da mutum ya faɗi abin da ya iya, Annabi Yusufu ya isa abin koyi. Yana kurkuku ya nemi abokin zamansa da zai fita ya ambace shi a wurin sarki. Mutumin ya manta, shekaru suka wuce, sai ranar da mafarkin sarki ya gagari fadawa ya tuna da shi. Da aka zo fitar da shi, ya ƙi fita sai an wanke sunansa daga zargi. Sa'an nan da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya faɗi cewa yana da tsaro da sani. Malamai sun kafa hujja da wannan cewa babu laifi mutum ya ambaci ƙwarewarsa in gaskiya ce kuma akwai bukata.

To, mai karatu zai ce duk mun ji, amma ga wane can, ba hali, ba ilimi, ya samu saboda ubansa, mu kuwa muna zaune. Wannan gaskiya ce, kuma ba za mu yaudari kowa da cewa kyakkyawan hali yana lamunce masa kujerar gwamnati ba. Zalunci yana faruwa, alhakinsa kuma yana wuyan wanda ya yi shi. Amma mafi yawan masu cin abinci a ƙasar nan ba a ofishin gwamnati suke ci ba. Suna kasuwanni, da gonaki, da makarantu masu zaman kansu, da garejoji, da ƙananan kamfanoni, inda mai wuri aljihunsa ne ke ciwo in ya ɗauki maha'inci. A irin waɗannan wurare har gobe amintacce ake nema ruwa a jallo. Sa'an nan kuma aikin da aka shiga ta ƙarya, da ƙarya ake riƙe shi, albashinsa kuma shi za a ciyar da 'ya'ya.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwa mai nema, da ke 'yar'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Shaidar da za a ba da a kanku gobe, yau ake rubuta ta, a aji, da wurin bautar ƙasa, da cikin unguwa, da wajen ɗan bashin da kuka ci. Ku faɗi bukatarku ba tare da ƙasƙanci ba, kada ku ƙara a kan abin da kuka iya, ku gode wa wanda ya yi ƙoƙari ko da abin bai yiwu ba, ku kuma sani shi sanadi ne kawai, mai bayarwa Allah ne. Ku kuma manya da Allah Ya ɗora a kan kujeru, ku duba ɗan talakan da ba shi da kowa sai halinsa, ku zame masa uwa a gindin murhu. Wanda aka yi wa hanya kuwa, bashi ne a kansa ya yi wa na bayansa.

Allah Ya buɗa wa matasanmu ƙofofin arziki na halal, Ya kyautata halayenmu, Ya tsare mu daga cin amana da shaidar zur. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.